Gini ko sikana: me gidajen tarihin baƙar fata suke yi da intanet ba za ta iya ba?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washinton, wanda aka buɗe ranar 24 ga Satumba 2016, ya lashe kimanin dala miliyan 540, rabi daga gwamnati, rabi daga gudummawar jama'a da kamfanoni. Kayan da ke hannunsu sun kai wajen 40,000, amma abin da mai ziyara ke gani bai fi 3,500 ba. Ni a ganina, da wannan kuɗin aka zuba wajen ɗaukar hoton takardu a ɗora a intanet, da ɗan Misisifi da ɗan Maraɗi duk sun amfana ba tare da kuɗin jirgi ba. A zamanin nan ginin na mene ne? Masana, a gyara mini in na yi kuskure.

Malama_Laburare: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin ka ɗauki hoton abu ai sai ka same shi tukuna. Majalisar Amurka ta yi dokar kafa gidan a 2003, aka naɗa Lonnie Bunch shugabansa a 2005, kuma a lokacin ko allura ba su da ita. Kayan suna cikin akwatunan kakanni, ƙarƙashin gado, bayan kabad. Daga 2008 suka fara wani shiri, farko a Chicago: su sauka a gari, su ari zauren laburare, su yi shela kowa ya kawo abin da ya gada, kada ya wuce guda uku. Ƙwararre zai zauna da kai kamar minti 15, ya faɗa maka mene ne wannan, na wane zamani ne, yadda za ka ajiye shi. Ba sa yi wa kaya kuɗi, don kada taron ya koma kasuwa. Yawancin kayan gida suke komawa da masu su. Amma ta irin wannan hanya aka san abin da ke hannun mutane, kuma mutum ba ya rabuwa da Baibul ɗin kakansa don a saka a shafin intanet. Yana bayarwa ne idan ya ga wurin da jikansa zai je ya tsaya a gabansa.

Bakatsine77: Ƙari a kan na Malama: akwai taragon jirgin ƙasa na zamanin wariya a cikin gidan, mai ɓangaren farare da na baƙaƙe. Da ƙugiya aka saukar da shi cikin ramin ginin a 2013, sannan aka ɗora sauran benayen a kansa. Akwai kuma bukkar bayi ta katako daga tsibirin Edisto a Karolina ta Kudu, wadda aka kwance katako ɗaya-ɗaya, aka sa wa kowane lamba, aka sake haɗa ta a ciki. Wace sikana ce za ta ɗauki waɗannan?

Mai_Tambaya: Tarago da bukka na yarda. Amma takardu fa? Su ne mafi yawa.

Uwar_Kundi: To bari mu yi maganar takardun, tunda nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Hoton takarda ba takarda ba ne, kuma ya fi ta saurin mutuwa. Takarda mai kyau, in ba ruwa ba wuta ba gara, tana kai shekara ɗari uku ba wanda ya taɓa ta. Faifan ajiya na kwamfuta kuwa, in ya shekara biyar zuwa bakwai, ka fara shirin zaman makokinsa.

Ga lissafin. Shafi ɗaya mai girman A4, a launi, a ɗigo 400 cikin inci, in aka ajiye shi a nau'in fayil ɗin hoto da ake kira TIFF ba tare da matsewa ba, yana cin wajen megabait 46. Shafi dubu, gigabait 46. Cibiyar Schomburg ta tarihin baƙar fata da ke unguwar Harlem a New York kaɗai tana da abubuwa sama da miliyan 10. Ku buga da kanku. Kuma ba kwafi ɗaya ake yi ba: uku ne, a kan irin ma'aji biyu daban-daban, ɗaya a wani gari. Kowane fayil ana lissafa masa lambar tantancewa ranar da aka yi shi, sannan a riƙa sake lissafawa lokaci-lokaci. In lambar ta sauya, fayil ya fara ruɓewa, sai a maye shi da lafiyayyen kwafi. Duk bayan 'yan shekaru a kwashe komai a mayar kan sabon ma'aji. Wannan albashin mutum ne, wata-wata, har abada. Ranar da kuɗin aikin ya ƙare, shafin intanet ɗin ke fara mutuwa. Shi ya sa ba a jefar da asali bayan an ɗauki hoto, kuma asalin nan sai da ɗaki.

Ɗan_Tasha: Hajiya, to JPEG laifin me ya yi? Ai shi kowa ke amfani da shi.

Uwar_Kundi: Ba shi da laifi a matsayin na rabawa. Yana zubar da wani ɓangare na hoton don ya yi sauƙi, kuma duk sanda aka gyara aka sake ajiyewa sai ya ƙara zubarwa. TIFF shi ne uwa, a kulle shi. JPEG 'ya'ya ne, a raba wa duniya. Wanda ya bi ta WhatsApp kuwa jika ne, ba ya shiga ma'ajiya.

Baban_Ilham: Ina ganin an tsallake rabin tambayar, wato hidimar da suke yi wa jama'a. Babbarta ita ce neman asali. Baƙin Ba'amurke in ya bi zuriyarsa baya, bango yake cin karo da shi a 1870. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A ta 1850 da ta 1860, bawa layi ne kawai a ƙarƙashin sunan ubangidansa: shekaru, namiji ko mace, launin fata. Babu suna. Ta 1890 kuma gobara ta lalata yawancinta a 1921, sai ga wani ramin na shekara ashirin.

Yadda ma'aikacin laburare ke ɗora mutum a hanya: a fara daga tsofaffin gida da ke raye, a rubuta sunaye da garuruwa. A bi ƙidaya baya-baya daga 1950, wadda ita ce ta ƙarshe da aka saki, har 1870. A 1870 a duba fararen da ke maƙwabtaka, musamman masu gonaki, ko da sunan zuriya bai zo ɗaya ba, domin ba kowane 'yantacce ne ya ɗauki sunan ubangidansa ba. Daga nan a koma kotun gundumar a nemi takardun rabon gado da wasiyyoyi na waɗannan fararen, domin a can ake rubuta bayi da suna da farashi, a jere da dawakai da kujeru. Sannan takardun hukumar kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872: ɗaurin aure, kwangilar ƙwadago, rabon abinci, asibiti. Da rajistar bankin 'yantattu na 1865 zuwa 1874, inda mai buɗe asusu yakan faɗi sunan uwa da uba da 'yan'uwa, wani lokaci har gonar da ya fito.

Mai_Tambaya zai ce ai waɗannan suna intanet. Da yawansu suna nan, gaskiya. Amma hotunansu sun daɗe a ajiye ba mai iya bincika suna a ciki, sai da masu sa-kai fiye da 25,000 suka zauna tsakanin 2015 da 2016 suka kwafe sunaye kusan miliyan 1.8 da hannu. Su wa suka tara su? Gidajen tarihi, ƙungiyoyin neman asali da coci-coci.

Gwani_Damagaram: Allah ya saka, Baban Ilham. Wannan jerin bayi tare da dawakai a takardar gado abin ya taɓa zuciya. Amma a nan akwai abin lura: takardar da aka rubuta don ƙidaya dukiya ita ce yau ta zama shaidar nasaba.

Alƙalami_da_Tawada: Bari in ɗan goyi bayan Mai_Tambaya, kada a yi masa taron dangi. Omar ibn Said mutumin Futa Toro ne a yankin kogin Senegal, an kai shi Charleston ta Amurka a matsayin bawa a 1807, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya buɗe da surar Tabara. Rubutun ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ya ɓace shekaru da dama, ya sake ɓullowa. Laburaren Majalisar Amurka ya saye shi a 2017, ya ɗora shi a intanet a farkon 2019. Yanzu almajiri a Zariya zai iya buɗe shi a waya ya karanta, kuma zai gane hannun nan take, don irin rubutunmu ne na Yammacin Afirka. Da a cikin akwatin gilashi kawai yake a Washinton, wa zai gani?

Malama_Laburare: Babu musu, Malam. Sai dai ka lura da jerin aikin: an saya, an gyara, an rubuta bayaninsa, sannan aka ɗauki hoto. Uku na farkon aikin cibiya ne.

Gwani_Damagaram: Allah gafarta Malam Alƙalami, ka tuna mini da takardar Bilali Muhammad, wani bawa Musulmi na tsibirin Sapelo a jihar Jojiya ta Amurka. Shafi 13 ce, tana laburaren Jami'ar Jojiya. Shekara da shekaru ana kiran ta littafin tarihin rayuwarsa, don babu wanda ya iya karantawa. Sai Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya nuna wa malaman ƙasar Hausa kwafinta. A 1940 ya wallafa cewa ba labarin rayuwa ba ne, karatun fiƙihu ne mai alaƙa da Risala ta Ibn Abi Zaid: tauhidi, alwala, kiran salla. Masana na baya sun ce ba kwafin Risala ba ne kai tsaye, abin da ya haddace ne a makarantar zaure yake zubowa da ka, da rubutun da ke musanya wasu haruffa yadda bakinsa ke furta su. Ko ma wanne ne, takardar ta tsira a Amurka, amma masu iya gane ta suna wannan ɓangaren teku. Ma'ajiyar da ba ta da mai karanta abin da ke cikinta rumbu ce kawai.

Lauyan_Zongo: Irin wannan ta faru a Barazil, kuma can ma Hausawa ne tsundum a ciki. A Bahiya an bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807. A Janairun 1835, cikin azumi, aka yi babban boren Musulmi a birnin Salvador, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu. 'Yan sanda suka kwashe layu da takardun Larabci daga jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama, suka liƙa a fayilolin shari'a. Wani bawa Bahaushe aka kira ya karanta musu. Takardun suna ma'ajiyar jihar Bahiya har yau, kuma da su masanin tarihi João José Reis ya sake gina labarin. Sun tsira ne don suna cikin fayil ɗin kotu. Takardun baitulmali na mallakar bayi kuwa, minista Rui Barbosa ya ba da umarnin a ƙone su a Disambar 1890.

Ɗan_Tasha: To ai ga shi nan, Barista. Gwamnati ce ta ƙone. Kuma gidan tarihin ƙasa na Rio ya ƙone ƙurmus a Satumbar 2018 da kaya kusan miliyan 20. Laburaren Jagger na Jami'ar Cape Town, inda tarin nazarin Afirka yake, ya ƙone a Afrilun 2021. Tara komai a gini ɗaya ai zuba ƙwai ne a kwando guda. Mai_Tambaya na da gaskiya.

Uwar_Kundi: Gobara hujja ce ta a yi kwafi, ba hujjar a rushe gini ba. Amma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke kashe takarda a hankali, don shi ya fi gobara ɓarna, kuma ya shafi duk mai kundin kakansa a gida.

Zafi da laima. Abin da ake nema shi ne ma'aunin zafi 18 zuwa 21, laima kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. In laima ta haura 65 ta zauna, hunhuna za ta fito. In ta faɗi ƙasa sosai, kamar lokacin hunturu, fata ta tsattsage, takarda ta riƙa karyewa kamar ƙosai busasshe. Abin da ya fi duka muni shi ne hawa da sauka. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki da rana ta mutu da dare ta fi rashinta illa, domin takarda na shan laima tana amayarwa, tana kumbura tana tsukewa, tawada na ɓarewa. In wuta ba ta tsayawa, gara ɗaki na tsakiyar gida mai kaurin bango, ba rana, kaya a cikin kwali, kwali a cikin kabad. Kowane rufi yana rage saurin sauyin.

Kanta ta ƙarfe, a ɗaga ta santimita 15 daga daɓe, a janye ta daga bango don gara da yoyo. Kwali da fayil marasa asid. A cire ƙusar sitefula da kilif da roba, su ne ke barin tsatsa da tabo. Lamba da fensir, ba biro ba. Salatif haramun ne: gam ɗinsa na nutsewa cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Sai uwa uba, manne takarda cikin leda da zafi, wanda mutane ke yi wa satifiket suna ganin gata ne. Ba a iya warware shi. Ma'ajiyoyin Amurka da kansu sun yi irin wannan kuskure daga shekarun 1930, da wata leda da daga baya ta riƙa ruɓewa tana warin tsami, yau suna kashe kuɗi suna ɓare ta shafi-shafi.

In ƙwari sun shiga: kada a fesa magani a kan takarda. A sa kundin a leda mai kauri, a fitar da iska, a ɗaure, a sa a firiza mai kai 20 ƙasa da sifili na mako guda. In an fitar, kada a buɗe ledar sai ta kwana ta yini, don raɓar ta taru a bayan leda, ba a kan takarda ba. In ruwa ya jiƙa kaya, awa 48 kake da ita kafin hunhuna. Wanda ba za a iya shanyawa a inuwa da fanka cikin wannan lokaci ba, a daskarar da shi har a samu sarari.

Alƙalami_da_Tawada: Hajiya, a ƙara da wannan game da littattafanmu na gafaka. Warwara suke, ba ɗinki, kuma galibi ba lambar shafi, sai kalmar da marubuci ke sa wa a ƙasan ganye don nuna farkon na gaba. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, a sa wa kowane ganye lamba da fensir a yadda aka same shi, ko da an ga a hargitse yake. Gyaran jeri a kan hotuna ake yi. Kuma tawadar zuge da ƙaro ruwa na wanke ta, don haka duk gyaran da ke buƙatar danshi a nisance shi. Ita kuma wadda aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe ba ta wankuwa, amma tana cin takarda har harafi ya zama huda. A ɗaga ganye ɗaya a haske a ɗauki hoton tambarin ruwan da ke ciki. In ka ga jinjirin wata uku, takardar Italiya ce irin wadda aka riƙa shigowa da ita ta Sahara, kuma tana taimakawa wajen ƙiyasta zamani.

Timbuktu ta nuna duka fuska biyun. A Janairun 2013 an ƙone ko an sace wajen 4,000 a cibiyar Ahmed Baba, amma dubban ɗaruruwa sun tsira don iyalai sun fitar da su a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako. Da suka isa can sai sabon abokin gaba ya taso, laimar Bamako.

Injiniya_Sauti: Kuna ta maganar takarda, alhali abin da ke bakin kabari kaset ne. A nan ni ina tare da Mai_Tambaya ɗari bisa ɗari: sauti da bidiyo ba su da mafita sai a mayar da su kwamfuta, kuma yanzu. Zaren ma na lalacewa, amma injinan kunna shi sun riga shi mutuwa. An daina ƙera na'urar VHS tun 2016. Ƙa'ida: a karye ɗan haƙorin da ke saman kaset don kada a yi kuskuren gogewa, a duba ɗan audugar da ke danne zare ko ya faɗi, a goge kan inji, a daidaita karkatar kan da kunne har sauti ya fito tas. A ɗauka a nau'in fayil ɗin sauti na WAV, 96 kilohaz, bit 24. Awa ɗaya ta cinye wajen gigabait 2. Kada a tace ƙara a uwar fayil, a yi wannan a kwafi. Manyan faya-fayan zare na shekarun 1970 da 1980 wasu kan yi danƙo su riƙa kuka a inji. Irin waɗannan ana gasa su a tanda ta musamman, zafi wajen 50 zuwa 54, na awoyi, sannan a kwafe cikin 'yan kwanaki. Ban ce a sa a tandar burodi ba. Fim kuma in ka buɗe gwangwani ka ji warin tsami, ware shi daga sauran, yana harbin na kusa da shi.

Kuma kaset na awa ɗaya awa ɗaya yake ɗauka, babu gaggawa. Gidan rediyo mai kaset dubu goma ya lissafa shekarun ma'aikaci.

Hajiya_Ma'aji: Injiniya ya kawo mu kan hira da tsofaffi. Darasin da ake koyarwa kullum shi ne na 1936 zuwa 1938, lokacin da gwamnatin Amurka ta tura marubuta suka yi hira da tsofaffin bayi sama da 2,300 a jihohi 17. Taska ce babu kamarta, amma da ciwo a jikinta. Yawancin masu tambayar farare ne 'yan Kudu, wasu ma daga zuriyar iyayen gijin. Tsoho mai shekara tamanin da ke fatan samun tallafin gwamnati, a zamanin wariya, me kake zaton zai ce in an tambaye shi ko ubangidansa na da kirki? Kuma mafi yawa da hannu aka rubuta, aka sake tsarawa a ofis. Shi ya sa yau ake kula da wanda zai yi tambaya kamar yadda ake kula da na'ura. A fara ɗauka da faɗin suna, rana, wuri. Makirfo kamar taƙi ɗaya daga baki. A kashe fanka. A samu izini a rubuce ko a faɗe cikin faifan: wa zai ji, yaushe, ko akwai ɓangaren da za a rufe sai bayan rasuwa. In babu wannan izinin, cibiya na iya riƙe faifan amma ba ta da ikon sakin sa. Rubuta hirar awa ɗaya kuma na cin awa biyar zuwa takwas.

Lauyan_Zongo: Batun izini ya kai mu ga takardar da ta fi kowace muhimmanci a ma'ajiya, wato yarjejeniyar miƙa kaya. Iri biyu ce. Kyauta: mallaka ta koma hannun cibiya. Ajiya: kaya na iyali ne, cibiya na riƙo na wani wa'adi. Kuma mallakar takarda daban, haƙƙin wallafa abin da ke cikinta daban, sai an ambaci kowanne.

Misalin Malcolm X ya isa. Takardunsa, har da littattafan da ya riƙa rubutu a ciki lokacin aikin Hajji da zagayen Afirka a 1964, an ajiye su a ɗakin haya na ajiyar kaya a Florida. Kuɗin haya ya taru ba a biya ba, aka yi gwanjon abin da ke ciki, sai ga su a hannun kamfanin gwanjo a 2002 ana shirin sayar da su kashi-kashi. Da ƙyar aka tsayar. A 2003 iyalin suka ba Schomburg ajiyar shekara 75, mallaka na hannunsu. Haka hotunan Ebony da Jet, mujallun baƙaƙen fatar Amurka, sama da miliyan 4: kamfanin ya karye a 2019, hotunan suka zama kadarar biyan bashi. Gidauniyoyi huɗu suka haɗa dala miliyan 30 suka saya don kada su shige hannun ɗan kasuwa. A duka biyun, da babu cibiyar da za ta karɓa, da an watse.

Duk mai miƙa kundin gidansu, a Harlem ne ko a Gidan Arewa na Kaduna, ya tabbata takardar ta faɗi: jerin kayan ɗaya-ɗaya, wa ke da ikon ba da izinin wallafawa, iyali za su samu kwafin hotuna, da inda kayan za su koma in cibiyar ta rufe. Kuma magada duka su sa hannu, ba babban wa shi kaɗai ba.

Bakatsine77: Wannan na ƙarshen, "in cibiyar ta rufe", ba wasa ba ne. Manyan da muke ambata daga ɗaki suka fara. Arturo Schomburg ɗan Puerto Rico ne, ma'aikacin banki, da albashinsa ya riƙa sayen littattafai, har gidauniyar Carnegie ta biya dala 10,000 a 1926 aka mayar da tarinsa laburaren titi na 135 a Harlem. Margaret Burroughs, malamar makaranta, a falon gidanta ta buɗe abin da ya zama gidan tarihin DuSable a Chicago a 1961. Charles Wright likitan mata ne a Detroit, ya fara nasa a 1965. Waɗannan sun rayu. Amma Mayme Clayton ta Los Angeles, wadda ta tara nata a garejin bayan gida shekara arba'in, bayan rasuwarta an zuba kayan a wani tsohon ginin kotu, a 2019 aka tashe su daga ginin, sai wata jami'a ce ta karɓi tarin. Ciwon ƙananan kullum ɗaya ne: mai ba da tallafi na son biyan baje koli da za a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, ba ya son biyan kuɗin wuta, gyaran rufi da albashin mai rubuta katalog.

Malama_Laburare: Katalog ɗin nan shi ne aikin da ba a gani. Akwatin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, da shi da babu duk ɗaya, ko a kanta yake ko a intanet. Kuma ba a rarraba takardun mutum bisa son ran ma'aikaci, ana barin su a tsarin da mai su ya bari, don tsarin kansa shaida ne.

Mai_Tambaya: Na karu ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na janye rabin maganata: asali sai da ɗaki, ɗaki sai da ma'aikaci. Amma rabin na nan. Da miliyan 540 ɗin nan, DuSable nawa za a riƙe? Bakatsine da kansa ya ce ƙanana na mutuwa saboda kuɗin wuta.

Hajiya_Ma'aji: Kuɗin ba daga tukunya ɗaya suke ba, ɗan'uwa. Wanda ya ba da miliyoyi don gini a dandalin ƙasa, kusa da hasumiyar Washinton, ba lalle ya ba da su don rufin wani gida a Detroit ba. Wurin shi ne saƙon. Tun 1915 tsofaffin sojoji baƙaƙe suka fara neman a yi musu abin tunawa a babban birnin, shekara ɗari kenan kafin a buɗe ƙofa.

Lauyan_Zongo: Amma wurin na da farashinsa, Hajiya. Hukumar Smithsonian da gidan ke ƙarƙashinta na samun wajen kashi 60 na kuɗinta daga gwamnatin tarayya. A Maris 2025 shugaban ƙasa ya sa hannu a wani umarni da ya ambaci gidan da suna, yana sukar yadda ake ba da labarin launin fata. Mai ba ka abinci yana iya cewa ga yadda za ka tauna. Gidan da coci da 'yan unguwa ke riƙe da shi talaka ne, amma ba a aiko masa da irin wannan takarda.

Ɗan_Tasha: To an dawo gidan jiya kenan. Babba na tsoron gwamnati, ƙarami na tsoron mai gidan haya.

Injiniya_Sauti: Ku ci gaba da muhawara, amma mai kaset a gida ya fara da wanda ya fi tsufa da wanda babu kwafinsa a ko'ina. Uwar_Kundi, tambaya: ledar abinci mai zif ta isa a sa kundi a firiza, ko sai mai kauri?

Uwar_Kundi: Ta isa in an ninka biyu kuma ba huda. A naɗe kundin da farar takarda ko tsumman auduga tukuna. Amma in akwai hotuna masu gilashi ko zane mai kaurin fenti a ciki, a cire su, sanyi na fasa su.